Daga New Bell zuwa fadar Sarki Bell

Bahaushen da ya sauka Duwala, New Bell ce masaukinsa. Nan ake ciniki da Hausa a bakin masu tsire da 'yan goro, nan masallatai suke, ga masu babur da ake kira bensikin suna kutsawa lungu-lungu ko ruwa na zuba. Sai dai sunan unguwar na gidan sarautar Bell ne, wanda ke can Bonanjo, daura da kogin Wuri.

Na je na ga fadar da Sarki Manga Ndumbe ya gina a 1905, wadda ake ce wa Fagod. Bene ne hawa kan hawa, kowane hawa da nasa rufin mai fiffike, yana tsukewa zuwa sama kamar ɗakin ibadar mutanen Sin. Sarkin ya yi karatu a Ingila, ya yi arzikin koko, ya kuma san idon da yake so ya ga ginin. A unguwar da Jamusawa masu mulkin mallaka suka jera ofisoshinsu fadar take tsaye, duk jami'in da zai wuce sai ya ɗaga kai.

Agusta, sarkin Rum, ya yi irin wannan dabara. Ya rasu a shekara ta 14 miladiyya yana ɗan shekara 75, amma a kan kuɗi da gumaka fuskarsa ta matashi ce har ƙarshe. To shi yana da runduna da maƙerar kuɗi. Manga Ndumbe kuwa a ƙarƙashin mulkin wasu yake, tubali da katako kaɗai ke hannunsa, shi ya sa nasa ya fi taɓa mini zuciya.

Fadar ba ta hana kwaɗayin ƙasa ba. Daga 1910 Jamusawa suka shirya tashin mutanen Duwala daga bakin kogi, su tura su bayan gari, wato New Bell ta yau. Rudolf Duala Manga Bell, ɗan Manga Ndumbe, ya ce yarjejeniyar da sarakunan Duwala suka ƙulla da Jamus a 1884 ba ta ba Jamusawa ƙasa ba. Ranar 8 ga Agusta 1914 suka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din. Yawancin 'yan Duwala suka ƙi zaman unguwar, sai baƙi suka cika ta: Bamileke, Basa, da mu Hausawa.

A 2022 birnin Balin ya cire sunan Nachtigal, wanda ya kafa tutar Jamus a Duwala, daga wani dandali, ya sa na Manga Bell.