Daga Tasawa zuwa Gidan Amumune a kan keke: burtali, yashi da inuwar gawo

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma tafiyar da ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya saba yi a jahar Maraɗi ba ta cika buɗe masa kome ba. Ya shiga mota a tasha, ya bi babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1, ya wuce Cadawa da Agiye da Gazawa yana gyangyaɗi, in ya sauka Tasawa abin da zai tuna bai wuce shingen jandarma da ƴan tallar bakin hanya ba. Alhali ƙasar da ke ciyar da shi gero da wake tana can nesa da kwalta, kuma wanda ke son ya gan ta da idonsa, keke ya fi masa mota.

A Turai an daɗe da mai da wannan irin tafiya hutu. A Faransa ana gyara tsofaffin hanyoyin jirgin ƙasa da bakin magudanan ruwa, a haramta wa mota da babur bin su, a bar wa masu keke da masu tafiya a ƙasa. Suna kiransu korayen hanyoyi. A 1997 aka buɗe wadda ta haɗa garuruwan Givry da Cluny, mai tsawon kilomita 44, kuma yau iyali kan ɗaure kayansu a keke su yi mako guda suna kwana gari-gari. A gundumomin Tasawa da Mayahi ba wanda ya shimfiɗa irin wannan hanya. Sai dai akwai waɗanda suka girme ta: burtalin dabbobi, da hanyoyin amalanke masu haɗa ƙauye da rijiya, da rijiya da kasuwa. In an ɗebe ranar kasuwa, da ƴan kabu-kabu da motocin kaya ke ratsawa, mutum kan yi rabin yini a kansu bai ji ƙarar inji ba.

Abu na farko da mai shiri zai tsayar shi ne lokaci. Da damina gonaki sun rufe ko'ina, fadamu sun cika, ga sauro. A watan Afrilu da Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40, tafiyar yini a keke ta zama sai da rai. Lokacin da ya dace shi ne na ɗari, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, bayan an kai damman gero rumbu. A nan ma sai an san cewa iskar hunturu daga gabas maso arewa take busowa: mai tafiya yamma tana tura shi, mai komowa gabas kuwa da ita zai yi ta kokawa.

Tasawa ita ce mafari mai kyau, don akwai masu gyaran keke da kasuwar da za a yi guzuri. Gari ne mai tarihi. Ta nan Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi a watan Janairu na 1851 a hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. A Maijirgi, gabas da garin, aka binne Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa da suka ƙone garuruwa a kan hanyarsu kafin sojojinsu su harbe su a Yulin 1899. Tasawa ce kuma mazaunin kwamandan mulkin mallaka na yankin har 1927, lokacin da aka mai da shi Maraɗi.

Tsakanin Tasawa da Mayahi a miƙe kimanin kilomita 40 ne. A kan kwalta aikin hantsi ne, amma a cikin yashi hikima ita ce a raba shi kwana biyu, a ya da zango a wajen Kanambakashe. A wannan yanki ne matafiyi zai gamu da Gulbin Kaba, tsohon kwari wanda ruwa ya daina gudu a mafi yawansa, amma damshin ƙarƙashinsa ya rayar da goriba. Daga kabarta ake saƙa tabarma da faifai da igiya, sana'ar da mata da yawa ke cin abinci da ita. Daga Mayahi zuwa Gidan Amumune, hedikwatar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin karkara na gundumar, a ware kwana ɗaya ko biyu gwargwadon yadda yashi ya yarda. Wanda ya ɗora wa kansa fiye da kilomita 25 ko 30 a yini, turin keke zai ƙare da shi. A tashi bayan sallar asuba, a fake da azahar, a ƙarasa da la'asar, kada magariba ta riski mutum a daji.

Abokan gabar keke a wannan hanya biyu ne: yashi da ƙaya. Maganin yashi shi ne taya mai faɗi, a ɗan rage mata iska, a bi gefen hanya inda ciyawa ta riƙe ƙasa, ba sawun amalanke ba. Ƙaya kuwa, ta tsidau da ta aduwa da ta gawo, ba ta da magani sai famfo da gam da faci da robar cikin taya ta sauyi, don mai faci ba a kowane ƙauye yake ba. Keken da ya fi dacewa shi ne irin baƙin nan mai kariya da manoma ke hawa, saboda in ya lalace ana samun kayansa a kasuwar ƙauye. Ruwa kuma kada ya gaza lita biyar ga kowane mutum a yini. Rijiyoyin yankin masu zurfi ne, wasu sai da jaki ko sa ake jan wasaki, kuma a bakin rijiya baƙo ba ya gaban mai dabbobi: ya yi sallama, ya jira a ba shi.

Masauki ba otal ba ne, zauren mai gari ne. Wanda ya iso ya fara kai gaisuwa can, ya faɗi inda ya fito da inda ya nufa, katin shaidarsa na aljihu. Goro ko shayi da sukari sun fi kuɗi daɗin miƙawa. A can ne zai ji wace hanya ta fi tauri, wace rijiya ta ƙafe, wane gari ke cin kasuwa gobe. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da zai fi ba matafiyi mamaki shi ne itatuwa. Bayan farin 1973 da na 1984 an ɗauka ƙasar ta tafi ke nan. Tun daga 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya shiga jan hankalin manoma su daina ƙone kututture, su zaɓi tsiro biyu ko uku su raine su. Wannan shi ne sassaben zamani. Masana sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kusan miliyan 200 suka tashi a kan hekta miliyan 5, galibi a jahohin Maraɗi da Damagaram. Sarkinsu gawo, wanda ke kaɗe ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma yi kore da rani, daidai lokacin da mai keke ke neman inuwa.

Amma hanyoyin su kansu suna cikin hatsari. Jama'a na ƙaruwa, gona na cin burtali taki-taki, har a wasu wurare garke ba ya wucewa sai ya taka shuka. Jahar Maraɗi ta san inda haka ke kaiwa: a Toda, a Oktoban 1991, mutane fiye da ɗari, yawancinsu mata da yaran makiyaya, suka rasa rayukansu. Dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare burtali, an kuma kafa turakun siminti a bakin da dama daga cikinsu. Mai keke zai ga inda turakun ke tsaye, zai kuma ga inda kara ya tsallake su. Ya tuna hanyar ta shanu ce, shi aro ya yi: in garke ya tunkaro, ya sauka ya ba su wuri.

Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar filaye, da ɗan kasuwar da ke sayen buhun wake a Mayahi, duka suna da amfanin wannan tafiya ta kwana huɗu. Wanda ya tura keke a yashin Gidan Amumune, ya jira layi a bakin rijiya, ya san abin da kuɗin amalanke ke nufi, ya kuma san abin da ake rasawa in burtali ya toshe. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya.