Kalmar "Dakta" a Ilimin Addini: Yadda Ake Samun Ta da Abin da Take Shaidawa

   

A 'yan shekarun nan kalmar "Dakta" ta samu wani irin matsayi a zukatanmu wanda ya kamata mu tsaya mu duba. Ko a nan Gwiwa, idan gardama ta kaure tsakanin samari a kan wata mas'ala, sai ka ga ɗaya ya zaro waya ya ce "ai Dakta wane ya faɗa", shi ke nan an rufe babi. Dattijon da ya shekara 40 yana karantar da Risala da Muhtasar a zaurensa kuwa, sai a ce ai shi na gargajiya ne. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa digirin digirgir a addini takardar Nasara ce kawai, babu komai a cikinta. Dukkansu ba su san yadda ake samun wannan digiri ba, shi ya sa na ga ya dace in yi bayani gwargwadon abin da Allah Ya sanar da ni, musamman saboda ɗalibaina na Islamiyya da ke da burin bin wannan hanya.

Mu fara da gida. Jami'ar da ta fi kusa da mu cikin waɗanda suka daɗe suna bayar da wannan digiri ita ce Jami'ar Bayero ta Kano, a Sashen Nazarin Addinin Musulunci da Shari'a. Haka nan akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Ahmadu Bello ta Zariya. Sharuɗɗan shiga kusan iri ɗaya ne. Sai kana da kiredit 5 na sakandare har da Turanci, ko na WAEC ne, ko NECO, ko na hukumar NBAIS da 'yan makarantun Arabiyya ke rubutawa. Sai digiri na farko, da takardar bautar ƙasa ko ta ɗauke nauyinta, sannan digiri na biyu da sakamako mai kyau, wanda galibi ba ya gaza maki 3.5 cikin 5. Ku lura da wannan kiredit na Turanci, domin ya tsayar da mahaddata da dama a bakin ƙofa, mutanen da Larabci ke gudana a bakinsu kamar ruwa. Wanda ke aji 5 ko 6 yanzu ya riƙe wannan da kyau.

Idan an ɗauke ka, mafi ƙarancin lokaci shekara 3 ne ga mai cikakken karatu. A takarda ke nan. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kimanin wata 9, na 2022 ya ci wata 8, kuma duk wanda yake tsakiyar bincike a lokacin sai da ya zauna jira. Ga kuɗin makaranta, ga na mota daga nan a bi ta Kazaure zuwa Kano don ganin malami mai duba aiki, wanda mai yiwuwa ka tarar ya shiga taro. Tallafin TETFund kuwa na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, malamin Islamiyya ba ya ciki.

Shi aikin kansa hawa-hawa ne. Ana farawa da kwasakwasai, musamman na hanyoyin bincike. Daga nan ɗalibi ya rubuta tsarin abin da yake son bincikawa, ya tsaya gaban malaman sashe ya kare shi. A nan ake yi masa tambayar da ta fi kowace zafi: mene ne sabo a cikin wannan? Idan wani ya riga ya rubuta a kai, a Kano ne ko a Alƙahira, to sai ka nuna giɓin da ya bari, in ba haka ba ka koma ka sake lale. Bayan an amince sai rubutu babi-babi, malami yana jan biro ja, kana gyarawa. Jami'o'i da yawa yanzu suna shar'anta buga maƙala a mujallar ilimi kafin a kammala, kuma ana shigar da kundin cikin manhaja irin su Turnitin don a gano ko an kwashi aikin wani. Sai karewa ta cikin gida. A ƙarshe a aika kundin ga wani babban malami na wata jami'a daban, ya karanta a tsanake, ya zo a zauna jarrabawar baka tare da shugaban sashe da mai jarrabawa na cikin gida da wakilin makarantar manyan digirori. Sakamakon yana iya zama an ci da ƙananan gyare-gyare, ko da manyan gyare-gyare, ko a sake gabatarwa, ko a faɗi. Kuma ko an ci, mutum bai zama Dakta ba sai majalisar jami'a ta sa hannu.

A ƙasashen Larabawa tsarin ya yi kama da wannan, sai dai munaƙasha a bainar jama'a ake yin ta, kowa na iya shiga ya ji yadda ake warware ɗalibi zare-zare. A Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, ana kiran wannan digiri Al-Alimiyyatul Aliya. Da yawa daga cikin kundayen can tahƙiƙi ne, wato a ɗauko tsohon littafi rubutun hannu, a tara kwafe-kwafensa, a gwada su da juna, a fitar da hadisansa, a bayyana mazajensa.

Wannan suna na Alimiyya yana da tarihi mai daɗin ji. A Azhar, ƙarnoni da yawa babu jarrabawa a hukumance. Mutum yakan zauna a gindin ginshiƙi ya fara karantarwa, in ɗalibai sun gamsu su zauna, in ba su gamsu ba su watse. Sai a 1872, zamanin Shaihul Azhar Muhammad Al-Mahdi Al-Abbasi, aka yi dokar da ta ce mai son karantarwa sai ya zauna gaban malamai 6, biyu-biyu daga Malikiyya da Shafi'iyya da Hanafiyya, su jarraba shi a fannoni 11: tafsiri, hadisi, tauhidi, fiƙihu, usulu, nahawu, sarfu, ma'ani, bayani, badi'u da manɗiƙi. Ku dubi faɗin wannan fage! Shahararren marubucin nan Ɗaha Husaini a wannan jarrabawa ya faɗi a 1912, sannan a 1914 ya samu digirin dakta a Jami'ar Masar da bincikensa a kan Abul Ala'i Al-Ma'arri. Mutum ɗaya, cikin shekara 2, ya kasa tsallake ma'auni guda ya kuma tsallake ɗaya, kuma abin da ake aunawa ya bambanta.

To a nan ne zancen yake, ya ɗan uwa. Tsohuwar Alimiyya tana auna faɗi. Digirin digirgir na yau yana auna zurfi a rami ɗaya. Wanda ya shekara 5 yana bin diddigin ruwayoyin wani marawaici guda ya cancanci a saurare shi a wannan fage fiye da kowa, amma babu wanda ya jarraba shi a rabon gado, ko a hukuncin jinginar gona, ko zakkar gero da gyaɗa, waɗanda su ne tambayoyin da mutanenmu ke kawowa bayan kaka. Mai yiwuwa ya san su, kuma da yawa cikin daktocinmu sun sha karatun zaure kafin jami'a, Allah Ya saka musu da alheri. Amma ba takardar ce ta shaida hakan ba. Don haka idan an ce maka Dakta ya ce, ba rashin ladabi ba ne ka tambaya a wane fanni ya yi. Balle kuma na girmamawa, wanda ake bai wa attajiri ko ɗan siyasa ba tare da ya rubuta ko shafi ɗaya ba.

Magabatanmu ma suna da nasu ma'aunin. An ruwaito cewa Imamu Malik bai zauna bayar da fatawa ba sai da malamai 70 suka shaide shi. Shehu Usmanu ya karɓi ijaza daga Malam Jibrilu ɗan Umar, kuma ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, don lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta. Ijaza shaida ce ta wanda ya zauna da kai shekaru, ya ga sallarka, ya ga fushinka, ya ga yadda kake yi in an ba ka ajiya. Mai jarrabawa na waje kuwa kundinka kawai ya sani, da sa'o'i biyu ko uku da ya zauna da kai.

Amma wannan rashin sanayyar ita ce kuma ƙarfin tsarin jami'a, kuma a nan nake saɓa wa masu raina shi. A zaure kunya da kara sukan hana a ce wa ɗan malam bai iya ba. Baƙon da ya zo daga wata jami'a ba ya jin nauyin mahaifinka. Zai buɗe shafi ya ce wannan magana da ka jingina wa Ibnu Rushdi a wane littafi take, wane juzu'i, wane bugu? Kakan ne ko jikan? Wanda ya sha irin wannan matsa ba ya saurin cewa "malamai sun ce" a kan mumbari ba tare da ya duba ba. A zamanin da ake yaɗa hadisan ƙarya ta WhatsApp kamar wutar daji, wannan tarbiyya ba ƙaramin abu ba ce.

Kuma hanyoyin biyu ba kishiyoyi ba ne. Ɗaya daga cikin digirorin dakta na farko da wata jami'ar Nijeriya ta bayar shi ne na Murray Last a Ibadan a 1964, a kan tarihin Daular Sakkwato, kuma ginshiƙin aikin shi ne takardu da ilimin Wazirin Sakkwato Junaidu, mutumin da karatunsa na zaure ne. Daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Wazirin digirin girmamawa, irin girmamawar da ta faɗa a inda ya dace.

Ga wanda ya ƙudura niyya cikinku, shawarata ita ce kada ya yi gaggawar barin zaure. Ya sauke Risala, ya shiga Askari, ya riƙe Ajurumiyya da Alfiyya da kyau, domin jami'a ba za ta koma da shi baya ta koya masa su ba, ɗauka take yi ya zo da su. Ya kuma binciki niyyarsa, don sanannen hadisin nan na mutum uku da za a fara hura wuta da su ya haɗa da wanda ya nemi ilimi don a kira shi malami. Allah Ya tsare mu.

Game da abin bincike kuwa, ba sai an je nesa ba. Ɗakunan ajiya irin su Arewa House a Kaduna da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato cike suke da rubuce-rubucen hannu masu jiran mai tahƙiƙi. Mu kanmu a masarautar Kazaure, daga Roni zuwa 'Yankwashi zuwa nan Gwiwa, akwai gidajen malamai da ke da gafakoki cike da littattafai da wasiƙu da fatawoyi na kakanni, gara da ɗigar damina suna ci a hankali. Wanda zai fara zagayawa tun yanzu da littafin rubutu da wayarsa, ya nemi izinin magada, ya ɗauki hoton kowane shafi, ya rubuta sunan mai littafin da wanda ya kwafe shi da malamin da ya karantar da shi, to ranar da malaman sashe suka tambaye shi mene ne sabo a aikinsa, yana da amsa a hannu.