BABA DA RUWA MAI GAS



Tun da likita ya ce Baba yana da ciwon suga muke rigima a gida. Shekara da shekaru yana zaman shago a Sabon Ibadan, in rana ta take sai ya buɗe lemo mai sanyi. Ya ce shi ba zaƙin ne ya dame shi ba, wannan cizon da ke tsaya masa a maƙogwaro shi ne ba zai iya bari ba. Sai na sayo masa soda, ruwa zalla mai gas.

Ashe na taɓo wa kaina magana. A majalisa wani dattijo ya ce gas ɗin kamfani guba ne mai cin hanji, wai sai na Turai mai tsada da ke ɓulɓulowa daga ƙasa, shi ne na Allah. Baba ya ture kwalbar.

Na koma littafin kemistiri na sakandare. Iskar nan sunanta CO2, ita muke fitarwa a numfashi. A wasu maɓuɓɓugai, kamar Selters ta Jamus, ruwa kan haɗiye ta a ƙarƙashin ƙasa. Shi kuma kamfani da inji yake matsa ta ciki, dabarar da Joseph Priestley ya gano a Ingila a 1767. Iskar dai ɗaya ce. In ta narke takan ba da ɗan tsami mai rauni, wanda bai kama ƙafar ruwan tsamin da ke cikinmu ba, yawancinta ma a gyatsa take fita. Bambancin sai dai ma'adinan da ruwan maɓuɓɓuga kan ɗebo daga duwatsu.

Kuma fitowa daga ƙasa ba shi ne lafiya ba. Wannan iskar ce ta taso daga tafkin Nyos na Kamaru a 1986, ta shaƙe mutum fiye da 1,700.

Na ce, "Baba, abokin gabarku suga ne, kusan cokalin shayi 9 a kwalba ɗaya." Ya yi shiru, can ya ce in miƙo masa.

Sai dai a kula: tonik akwai suga a ciki, wata sodar kuma da gishiri, mai hawan jini ya karanta jikin kwalba, a duba lambar NAFDAC. Wanda take kumbura wa ciki ya haƙura.

Yanzu Baba da lemon tsami yake matsawa a ciki. Dattijon nan kuwa har yau lemonsa mai zaƙi yake sha.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.