Motoci Biyu A Ƙofar Kuyambana

A watan Fabrairu na shekarar 2024 na yi wani ciniki wanda ya hana ni barci har kusan wata uku. Na sayi tsofaffin motoci biyu rana ɗaya, ba kuwa wadda take tashi a cikinsu. Ni malamin makaranta ne, albashin malami kuwa kowa ya san iyakarsa. Ina so in ba da labarin yadda abin ya faru, da yadda muka fita daga ciki, gama na san akwai gidaje da yawa da suke da irin wannan kaya a ajiye a bayan ɗaki, ko mota, ko babur, ko keken ɗinki, maigida yana cewa wata rana zai gyara, shekaru kuwa suna ta wucewa.

Motocin na baffana ne, ƙanen mahaifina. Akawu ne a Kaduna a zamanin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1975 suka sa ma'aikata da yawa suka fara hawa mota. A wannan shekara ce kuma aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri cikin Kaduna, lokacin mulkin Janar Yakubu Gowon wanda ya tashi a nan Wusasa. A 1978 baffa ya sayi Peugeot 504 fara, wadda mutane suke kira Fijo. Da ita aka kai mahaifiyata asibitin Wusasa a daren da aka haife ni. Da ita aka ɗauko amare da yawa na danginmu. A cikinta na fara zuwa Kano, ina zaune a baya, ƙafafuna ba su taɓa ƙasa. Da ya yi ritaya ya komo Zariya, sai ya ƙara sayen tsohuwar Peugeot 404 a-kori-kura domin ɗauko masara da barkono daga gona.

Sa'ad da tsufa ya zo masa, ya kasa tuƙi, sai ya kai motocin garejin wani amininsa, bakanike, a bakin Ƙofar Kuyambana, inda tsohuwar ganuwar birnin Zazzau ta wuce. Can suka zauna fiye da shekara 10, ta 504 a ƙarƙashin wani darbejiya, a-kori-kura kuwa cikin rumfar kwano. Baffa ya rasu a ƙarshen 2023. Da aka zo rabon gado, 'ya'yansa suka ce ba mai bukatar tsohon ƙarfe, za su kira 'yan gwangwan su auna su biya. Da na ji haka sai zuciyata ta tashi. Na tambayi abin da 'yan gwangwan suka taya, na ɗora kaɗan a kai, na biya nan take.

Kuɗin da na biya da su ba nawa ni kaɗai ba ne. Rabin adashin da muka kwasa ne ni da uwargida, wanda muka shirya domin sake rufin ɗakin yara kafin damina, da kuɗin makarantar babbar 'yarmu. Ban yi shawara da ita ba. Da na faɗa mata da dare, ba ta ɗaga murya ba. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malam, idan ruwa ya sauko a watan Mayu, a cikin wace motar yaran za su kwana?" Na rasa amsa. Na ce mata motocin nan dukiya ce, a Turai masu son tsofaffin motoci suna biyan kuɗi mai yawa a kan irinsu. Ta ce, "To, nan Zariya ne."

Maganata ba ƙarya ce duka ba. Peugeot 504 mota ce mai suna. A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara ta Turai, a Kaduna kuwa aka ci gaba da harhaɗa ta har wajen 2006, shekaru masu yawa bayan Faransawa sun daina yin ta. Ita 404 ta girme ta, gama a 1960 ta fito, a Kenya kuma ba a bar harhaɗa ta ba sai 1991. Abin da ya sa suka daɗe a ƙasashenmu shi ne ƙarfi, da tsayi daga ƙasa, da sauƙin gyara. Bakanike mai sifana da sukundireba yana iya warkar da su a bakin hanya, ba sai an kawo kwamfuta ba. Amma sunan mota dabam, halin wadda take gabanka kuma dabam. Wannan shi ne abin da ban sani ba tukuna.

Ran Asabar na tafi Ƙofar Kuyambana wurin aminin baffa. Dattijo ne, gemunsa ya yi fari fat, ya san ni tun ina yaro. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya kuma, sa'an nan na ce, "Baba, ina so in tayar da su duka biyu, amma 504 za a fara." Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Malam, kai kake koya wa yara lissafi. Zo mu yi namu lissafin tukuna."

Bai fara da inji ba, sai ya fara da ƙasan mota. Ya ce inji abin sakewa ne, amma jikin 504 shi ne ƙashinta, ba ta da wani ƙarfe dabam da yake ɗauke da ita kamar babbar mota. In tsatsa ta cinye wuraren da suke riƙe da nauyi, fenti ba zai ɓoye hatsarin ba. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ta wajen direba, ya ba ni sukundireba ya ce in danna. Na danna a hankali, sai ƙarfen ya huje kamar busasshen ganye, har na ga ƙasa. Haka ƙarƙashin ƙofofi, haka cikin but, haka kuma inda ƙafafun gaba suke haɗuwa da jiki. Ganyen darbejiya ya toshe hanyoyin ruwa, damina goma kuwa ta yi aikinta. Muka koma wurin a-kori-kura. Fentinta ya koɗe, gilashi ɗaya ya fashe, ɓeraye sun cinye kujera da wayoyi, amma duk inda na danna ƙarfe yana nan da ƙarfinsa, gama rumfa ta kāre ta.

Sa'an nan ya koma kan inji. Ya cire fulogogi, ya zuba ɗan baƙin mai a kowane rami, ya ce in komo bayan mako ɗaya. Da na komo, ya sa sifana ya juya injin 504, sai ya juya lafiya lau. Na 404 kuwa ya ƙi motsi ko kaɗan. Ya zaro sandar awon mai ya nuna mini, man ya zama kamar kunu, alamar ruwa ya shiga inda bai kamata ba, ya kwana can shekaru. Watau wadda take da jiki ba ta da inji, wadda take da inji kuma ba ta da jiki.

Muka zauna a kan benci, na fito da littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Baba yana faɗa ina rubutawa. Kowace mota da ta daɗe a tsaye, in ji shi, tana bukatar taya sababbi ko da tsofaffin suna da zane, gama roba takan tsufa ta tsage. A gefen tayar zamani akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, kada a saya sai an duba. Sai batir, da dukan robobin birki, da bel, da wanke tanki da kafireto domin tsohon fetur yakan daskare kamar ƙaro, da duba lagireto, da sake wayoyi. Bayan haka akwai takardu: shaidar mallaka, da lasisi, da inshora, lambar da take jikin mota kuma dole ta yi daidai da ta takarda. Ga 504 kuma sai an ƙara aikin mai walda na makonni, da fenti. Ya ce waɗansu kayan akan same su a Sabon Gari, waɗansu sai an je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Da na haɗa jimla, gyaran motocin biyu ya fi albashina na shekara ɗaya da rabi. Baba ya ce, "Ƙara sulusi a kai, gama ba a taɓa buɗe tsohuwar mota ba a tarar da abin da ba a zata ba."

Sa'an nan ya yi mini tambayar da ta fi lissafin nauyi. Ya ce, "In ta tashi, wane aiki za ta yi?" Daga gidana zuwa makaranta tafiyar minti goma ce a ƙafa. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Injin 504 kusan lita biyu ne, mai kafireto, ba ya wasa da mai. Na ga a fili cewa ko an ba ni ita kyauta a gyare, a ƙofar gida za ta zauna, in wanke ta ran Asabar, in hau ta ran Lahadi domin mutane su gani. Na gane ba mota nake so in tayar ba. Baffa nake so in komo da shi, da kwanakin da nake yaro a kujerar baya, wannan kuwa ya fi ƙarfin kowane bakanike.

Hanya uku suka rage. Ta fari, in sayar da duka biyu ga 'yan gwangwan in karɓi hasara kaɗan. Ta biyu, in bar su a wurin ina jiran ranar da zan sami kuɗi, wadda ita ce hanyar da yawancinmu muke bi, ita ce kuwa mafi tsada, gama tsatsa ba ta jira. Ta uku Baba ne ya kawo ta. Ya ce injin 404 da na 504 'yan gida ɗaya ne, kanikawa sun saba ɗora na wannan a kan waccan. A cire injin 504 a sa wa a-kori-kura, sauran kuma a sayar da shi gunduwa-gunduwa ga masu neman kayan gyara, gama ƙofofi, da fitilu, da gilasai, da giya sun fi daraja ɗaya-ɗaya bisa ga a auna su a sikeli.

A wannan karo ban yanke shawara a gareji ba. Na kai littafin gida na ajiye a gaban uwargida, na roƙe ta gafara saboda abin da na yi da kuɗinmu ba da saninta ba. Ta karanta lissafin layi layi. Ta ce ta yarda da hanya ta uku bisa sharaɗi uku. Kuɗin farko da ya fito daga kayan 504 na rufin ɗaki ne da makarantar yarinya. Ba za a ci bashi ko na sisi domin mota ba. In kuma kaka ta zo a-kori-kura ba ta tashi ba, a sayar da ita yadda take. Muka rubuta wannan a shafin ƙarshe, mu biyu muka sa hannu.

Ranar da aka fara kwance 504 ban iya tsayawa ba. Na ga wani yaro ya ɗauki ƙofar baya a kā ya nufi bakin titi da ita, sai na juya na bi gefen ganuwa na tafi gida. Abin da na riƙe shi ne ɗan zakin nan na ƙarfe da yake a gabanta, na kai wa matar baffa. Ta juya shi a hannu ta ce, "Ɗana, ai shi ma da yana nan, da mai ɗaukar masara zai zaɓa."

An rufa ɗakin yara kafin ruwa ya yi ƙarfi, an biya kuɗin makaranta, ko da yake a makare. A-kori-kura ta tashi a watan Oktoba na 2024, saura kaɗan wa'adin ya cika. Har yanzu ba a yi mata fenti ba, kujerarta kuwa katako ne da soso. Ɗan baffa na ƙarshe, wanda ba shi da aiki a dā, shi yake tuƙa ta, yana ɗauko masara da tumatir daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Abin da ya samu akan raba uku: nasa, na mahaifiyarsa, da na gyaran mota. Ni dai ban mai da kuɗina duka ba tukuna, ban kuma tabbata zan mayar ba.

Ya ɗan'uwa mai karatu, in kana da irin wannan kaya a ajiye, ko kana shirin sayensa, ga abin da na koya da tsada. Ka duba ƙasan mota kafin ka dubi fentinta. Ka rubuta kuɗin gyara duka a takarda, ka ƙara sulusi. Ka tambayi kanka aikin da za ta yi, da wanda zai ci amfaninta. Ka sa wa kanka iyakar kuɗi da iyakar lokaci. Kafin kuma ka sa hannu a aljihu, ka zauna da wadda kuka tara kuɗin tare da ita. Littafin nan namu yana nan cikin akwatin uwargida, duk ƙarshen wata takan fito da shi mu rubuta abin da motar ta ci da abin da ta kawo.