Darasin da Ya Manta da Ɗalibarsa

A Rurum Sabon Gari, cikin ƙaramar hukumar Rano, akwai wata malamar firamare da ta yi darasi ɗaya har sau uku a mako guda, kuma duk sau ukun shafin karatun ya nuna ko fara shi ba ta yi ba. Kwas ne na ƙarin horo ga malamai wanda wata cibiya ke bayarwa ta intanet, kashi takwas, kowane kashi da bidiyonsa da tambayoyinsa. Takardar shaidar kammalawa tana cikin takardun da take son haɗawa don neman ƙarin girma, kuma an riga an yanke ranar rufewa. Ba ta da lokacin karatu sai bayan isha'i, in yara sun kwanta, da wayarta da datar da ta saya daga cikin albashinta. Kashi na biyar ne ya zame mata ƙarfen ƙafa. Ta kalli bidiyon, ta amsa tambayoyin, ta ga makinta da idonta, ta ajiye wayar ta kwanta. Da gari ya waye ta duba, babu maki, babu alamar ta taɓa leƙa wurin.

A karo na uku ne ta kai kuka wurin ƙaninta, wanda ya yi karatun kwamfuta a Wudil, ta same shi a zauren mahaifinsu. Tsohon yana gefe a kan buzunsa yana jin su. Da ta gama sai ya ce, "Uwata, wai shi malamin naki bai san inda kika tsaya ba?" Ta ce, "Baba, ai ba mutum ba ne, na'ura ce." Ya jinjina kai, ya ba su labarin gardancinsa a gabas, yadda ya tashi daga wata tsangaya a ƙasar Haɗeja ya koma wata a Gashuwa, daga can ya wuce Maiduguri. Duk malamin da ya sauka wurinsa tambaya ɗaya yake fara yi masa: ina ka tsaya? Sai ya faɗi izun da surar, malamin ya sa shi ya biya don ya tabbatar, a ɗora daga nan. Babu wanda ya taɓa mayar da shi babbaƙu.

Tambayar tsohon ita ce ainihin abin da masana karatun intanet suka shafe fiye da shekara ashirin suna nema wa amsa. Gardi ya iya ɗaukar karatunsa daga gari zuwa gari ne saboda makarantun sun yi ittifaƙi a kan ma'auni. Izu sittin ne a ko'ina, jerin surori ɗaya ne, ruwayar Warshu ce a allunan Kano da na Barno. Malaman ba su san juna ba, amma wanda ya ce yana izu goma kowa ya fahimci abin da yake nufi. Irin wannan yarjejeniyar ce ake kira ƙa'idar fasaha, kuma rashinta ko gurguntakarta shi ne ya cinye wa malamar Rurum dare uku.

Karatun intanet abu biyu ne da ake haɗawa, ko da yake ɗalibi abu ɗaya yake gani. Na farko shi ne darasin kansa, wato rubutu da hotuna da bidiyo da tambayoyi. Na biyu shi ne manhajar kula da karatu, wadda ke riƙe da rajistar ɗalibai, ta buɗe wa kowa darasinsa, ta ajiye makinsa. Mafi shahara a jami'o'i ita ce Moodle, wadda Martin Dougiamas, ɗan Ostareliya, ya fitar a watan Agusta na 2002, kuma kyauta ce ga duk makarantar da ke son ɗora ta. Sau da yawa masu rubuta darasin dabam, masu manhajar dabam. Saboda haka dole a sami harshen da darasi zai gaya wa manhaja cewa wance ta shigo, ta kai shafi kaza, ta ci maki kaza.

Harshen da ya fi yaɗuwa sunansa SCORM, kuma asalinsa daga rundunar sojan Amurka yake. A shekarun 1990 kowane ɓangare na rundunar yana biyan kamfanoni su yi masa darussan horo na kwamfuta, sai ya kasance darasin da aka yi wa wannan manhaja ba ya aiki a waccan, kuɗi ya yi ta zurarewa wajen maimaita abu ɗaya. A 1997 Ma'aikatar Tsaron ƙasar ta kafa wani shiri mai suna ADL don warware matsalar. Bugun farko na ƙa'idar ya fito a 2000, bugu na 1.2 ya biyo baya a Oktoba 2001, sannan wanda ake kira SCORM 2004. Har yau na 2001 ɗin ne aka fi amfani da shi, kuma da shi aka naɗe kwas ɗin malamar Rurum, kamar yadda ƙaninta ya gano da ya duba.

Ƙa'idar ta tanadi abu biyu. Ta faɗi yadda za a ƙulle darasi cikin ƙunshi ɗaya, tare da wani ɗan fayil da ke lissafa abin da ke ciki da jerinsa, ta yadda kowace manhaja za ta iya kwance shi. Sannan ta faɗi kalmomin da darasi zai yi magana da su. Idan ɗalibi ya buɗe, darasin ya yi sallama ga manhaja. Yana cikin karatu, darasin yana lura da shafin da ya kai da makin da ya samu. Akwai umarni na musamman da ke nufin "adana wannan", akwai kuma na ban kwana. Sai an aika da ɗaya daga cikin waɗannan biyu ya isa babbar kwamfutar makaranta, sannan abin da ɗalibi ya yi yake shiga rajista.

A nan gizo ke saƙar. Makin da malamar ta gani a fuskar wayarta lissafi ne da darasin ya yi a cikin wayar, bai riga ya bar hannunta ba. An tsara darasin ne ya aika da komai a ƙarshe, lokacin ban kwana. In sabis ya ɗauke a daidai wannan daƙiƙar, ko ta rufe shafin kafin saƙon ya fita, shi ke nan aikin minti arba'in ya bi ruwa, kuma ba lallai ne a nuna mata wani gargaɗi ba. Waɗanda suka rubuta ƙa'idar a 2001 suna hango soja ko ma'aikaci zaune gaban kwamfutar tebur a ofis, da wutar da ba ta ɗaukewa da layin intanet da ba ya yankewa. Ba su hango mace a tsakar gida kusa da duwatsun Rurum ba, tana ɗaga waya sama tana neman sabis. Kowace ƙa'ida tana ɗauke da hoton mutumin da aka yi ta dominsa, kuma wanda bai yi kama da hoton ba shi ke biyan kuɗin bambancin.

Abin takaicin shi ne maganin yana nan. A cikin Moodle akwai wani zaɓi da ke sa a riƙa adana aikin ɗalibi kai tsaye ba sai darasin ya nema ba. Akwai kuma manhajarta ta waya, wadda ke iya sauke ƙunshin SCORM 1.2 gaba ɗaya, ɗalibi ya yi karatunsa babu intanet, in sabis ya dawo ta aika da sakamakon. Sai dai duka biyun mai kula da shafin ne zai kunna su. Da ƙanin malamar ya gwada shiga ta manhajar waya sai ya tarar cibiyar ba ta buɗe wannan ƙofar ba. Ba mugunta ba ce. Mai yiwuwa wanda ya ɗora kwas ɗin ya gwada shi a ofishinsa a birni, ya ga yana tafiya sumul, ya ɗauka aiki ya kammala.

Masu ƙa'idar su ma sun daɗe da gane gurbin. A Afrilu 2013 aka fitar da wata sabuwa mai suna xAPI, wadda ke rubuta kowane aiki a matsayin gajeriyar jimla mai aikau da aikatau da karɓau: wance ta kalli bidiyo kaza, wance ta amsa tambaya kaza. Kowace jimla tana ɗauke da lokacin da aka yi aikin, don haka waya na iya tara su ta riƙe har sai ta sami hanyar aikawa. Ma'ajiyar jimlolin kuma tana iya zama dabam da manhajar makaranta, abin da ke nufin tarihin karatun mutum zai iya bin sa in ya sauya makaranta. A 2023 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da ita a matsayin cikakkiyar ƙa'ida. Wannan ce ta fi kusa da amsar da gardi ke ba sabon malaminsa. Amma tsofaffin darussa sun riga sun cika duniya, sauya su kuwa kuɗi ne, shi ya sa ƙa'idar 2001 take ci gaba da mulki.

Akwai wani darasi kuma daga abin da ya sami Flash, manhajar kamfanin Adobe da aka gina ɗimbin darussa masu motsi da ita. Kamfanin ya daina tallafa mata a ranar 31 ga Disamba 2020, ba a jima ba burauzoci suka daina buɗe ta. Duk darasin da aka dogara da ita wajen yin sa ya zama gawa, ko da an naɗe shi da SCORM yadda ya kamata, domin ƙunshin yana da kyau amma abin da ke ciki mallakin kamfani ɗaya ne. Wanda ya gina a filin aro ba ya cewa komai ranar da mai fili ya zo.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a arewa. Tun 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, ta horar da malamai masu yawa ta hanyar littattafan da ake kai musu har garuruwansu. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, ta dawo aiki a 2002. Littafin takarda yana da wata falala da ba a cika lura da ita ba: in ka naɗe gefen shafi, gobe a nan za ka same shi. Rufe makarantu a Maris 2020 saboda korona, da yajin aikin malaman jami'o'i da ya kai har Disamban shekarar, su suka tura makarantu da yawa intanet cikin gaggawa. A Maris 2022 gwamnatin tarayya tare da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, mai darussa da Ingilishi da Hausa da Yarabanci da Ibo, wanda aka tsara shi da tunanin wuraren da intanet ba ta isa ba. Ke nan an fara gane inda takalmin ke matsi.

Shigowar Hausa cikin lamarin ta zo da tata ƙa'idar. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna da gurbinsu a tsarin Unicode, amma in aka kwashe tambayoyi daga wata manhaja zuwa wata ba bisa tsarin ba, sai su rikiɗe su zama alamomin da ba sa karantuwa. Na'urar da ke duba amsa kuma harafi take kwatantawa da harafi. In amsar da aka ajiye "ƙafa" ce, yaro ya rubuta "kafa" don allon wayarsa ba shi da ƙ, za ta iya kayar da shi, sai fa in mai tsara tambayar ya tuna ya karɓi duka biyun.

Shi ya sa duk hukuma ko makaranta da za ta sayi kwas ko manhaja, ko a Kano take ko a Rano ko Kibiya, akwai tambayoyin da suka fi na kyan shafi muhimmanci. Ana iya sauke darasin a yi shi babu sabis? In sabis ya yanke a tsakiya, me ke faruwa da abin da ɗalibi ya riga ya yi? Nawa ne nauyin kowane bidiyo, kuma aljihun wa zai biya datar? In kwangila ta ƙare, makaranta za ta iya kwashe darussanta da makin ɗalibanta ta kai wani wuri? An gwada shi a ƙaramar waya, a ƙauye, da daddare? Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Waɗannan sharuɗɗa a takardar kwangila ake rubuta su, in an riga an biya kuɗi kuwa sai roƙo.

Malamar ta rubuta wa cibiyar ta bayyana matsalar kamar yadda ƙaninta ya fayyace mata, aka ba ta haƙuri, aka ce za a duba. Ba ta jira ba. Ta mayar da karatunta bayan sallar asuba, lokacin da ta lura sabis ya fi tsayawa. In ta gama tambayoyi ba ta rufe shafin sai ta danna maɓallin fita ta ga an mayar da ita jerin darussa, alamar kammalawa ta bayyana. Kowane maki kuma sai ta ɗauki hotonsa ta ajiye a waya, ya zama tana da tata rajistar ko da tasu ta manta. Saura kwana biyu a rufe ta gama kashi na takwas.

Da yammacin ranar ta shiga zaure gaishe da mahaifinta. Ya dube ta ya ce, "Uwata, yanzu izu nawa?" Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai an sauke." Ya ce to madalla, sai ƙaninta ya sayo goro, tunda shi ne malamin da ya san inda ta tsaya.