Kakar 1942 a Ikko: Shekarar da Ƙungiyar Zik Ta Haɗa Lig da Kofi

Mu da muka tashi a Agege, a gidajen fataken goro, a zaure muka fara jin labarin Yaƙin Duniya na Biyu tun kafin a koya mana shi a makaranta. Iyayenmu Yaƙin Hitila suke kiransa, in kuma ana maganar waɗanda aka ɗauka soja sai su ce Yaƙin Bama. Kowane dattijo da abin da ya fi tsaya masa a rai. Wani layin gishiri yake tunawa, wani kananzir da ya yi wuya, wani kuma ƙaninsa da ya shiga jirgin ruwa a 1943 aka nufi Indiya da shi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, duk ya san waɗannan, amma da zarar hira ta yi nisa sai ya karkata ta zuwa ƙwallo.

Yana saurayi ya sauka Ikko, yana yi wa ubangidansa ɗaurin huhun goro ana lodawa a jirgin ƙasa zuwa Kano. Ran Asabar in aiki ya yi sauƙi, shi da abokansa sukan shiga jirgi su sauka Iddo, su taka gadar Kata da ƙafa, su ratsa cikin gari har Onikan. A can babban filin wasa yake, a bakin ruwa, wanda a lokacin ake kira da sunan Sarkin Ingila Joji na Biyar. Ubangidan nasa bai taɓa son wannan tafiya ba. Yakan ce masa, "Kai yaro, tamaula ce za ta ciyar da kai?" Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji," wata Asabar ɗin kuma ya sake sulalewa.

A wancan zamani manyan ƙungiyoyin Ikko kusan duk na ma'aikatun gwamnati ne da kamfanonin Turawa. Akwai Railway ta ma'aikatan reluwe, akwai Marine ta ma'aikatar jiragen ruwa, akwai PWD ta ma'aikatar ayyuka, ga ta 'yan sanda, ga ta kamfanin UAC. Tsarin a fili yake. In yaro ya iya taka leda, Baturen da ke kula da ƙungiyar zai samo masa gurbin aiki, ko na akawu ko na makaniki, ya riƙa karɓar albashi yana buga wa ma'aikata wasa. Wanda ke ba ka abinci kuwa shi ke da bakinka. Ɗan wasan da ya ɗaga murya a kan albashi ko a kan mulki, aikin da rigar wasan zai rasa gaba ɗaya.

Cikin wannan hali ne Nnamdi Azikiwe, wanda ake kira Zik, ya kafa Zik's Athletic Club a 1938, shekara guda bayan ya fara buga jaridarsa ta West African Pilot. ZAC ake ce mata a taƙaice. Ba ta da wata ma'aikata a bayanta, baƙar fata ne suka kafa ta, su ke tafiyar da ita, kuma ƙofarta a buɗe take ga kowace ƙabila. Mahaifina yana da wani dalili nasa na son mutumin. A Zungeru aka haifi Zik a 1904, ya kuma yi ƙuruciya da Hausa a bakinsa. "Ai ɗan gida ne," in ji Baba, ko da yake daga baya siyasa ta raba musu hanya.

Da yaƙi ya ɓarke a 1939 ba a dakatar da wasa a Ikko ba, kamar yadda aka dakatar da babbar gasar lig da ta Kofin FA a Ingila. Hukuma ma so take a ci gaba, domin wasa na kwantar da hankalin jama'a, kuma kuɗin ƙofa na shiga asusun taimakon yaƙi. Gari ya cika da soja, tashar jiragen ruwa ba ta barci, ma'aikata kuma suna ta kukan tsadar rayuwa har aka ba su ƙarin kuɗin rage raɗaɗi a 1942. A wannan shekarar aka buga War Memorial Cup, kofin tunawa da yaƙi, sili ɗaya ƙwale tsakanin ƙungiyoyin Ikko. Babbar tawagar ZAC, wadda aka raɗa wa suna Bombers saboda jiragen yaƙi masu jefa bam da ke bakin kowa a lokacin, ita ta ɗauke shi. Ta kuma haɗa da gasar lig ta Ikko a kakar guda.

Wanda bai san yadda gasa biyun suka bambanta ba zai ɗauka abu ɗaya aka ci sau biyu. Kofi yakan zo da sa'a: gola ya tashi da ƙafar dama, ƙwallo ɗaya ta faɗa raga, shi ke nan an fitar da gwani. Lig kuwa sai an jure mako bayan mako, ana tara maki, wanda ya ji rauni a samo madadinsa, a kuma tabbata kowa ya zo fili a kan lokaci. Wannan shi ne abin da Turawan mulki suke cewa baƙar fata ba zai iya ba sai da Bature a kansa. Ƙungiyoyin ma'aikatu suna da albashi da motar kai 'yan wasa da izinin barin aiki don atisaye. ZAC ta zarce su a teburin da aka fi buƙatar tsari, a cikin shekarar da komai ya yi tsada. A ganina wannan ya fi ɗaukar kofin nauyi nesa ba kusa ba.

Baba ba ya riƙe lissafin ci, abin da ya gani da idonsa yake ba mu. Yawancin 'yan wasa ba takalmi suke bugawa, sai dai su naɗe idon sawu da bandeji. Ƙwallon ta fata ce mai igiya, in ruwan sama ya jiƙa ta sai ta yi nauyi kamar ɗanyen tubali, mai sa mata kai sai ya shirya. Turawa da manyan gari suna zaune a rumfa, sauran jama'a a tsaye a rana. A cikin masu tsayuwar akwai Bayarabe da Ibo da mutumin Kalaba da Saro ('yan asalin Saliyo), ga kuma Hausawan Obalende, unguwar da ta tashi da tsofaffin soja da iyalansu. Ya ce in Bombers ta ci, wanda bai san sunanka ba zai rungume ka, ba mai tambayar wani daga ina ya fito.

Zik ya san abin da ke hannunsa. A shekarun yaƙin ya ɗauki 'yan wasansa ya zaga garuruwan ƙasar da sunan ziyarar sada zumunci da tara kuɗin taimakon yaƙi, abin da hukuma ba ta da hujjar hanawa. In an tashi wasa sai ya miƙe ya yi jawabi. A 1941 shugabannin Birtaniya da Amurka, Churchill da Roosevelt, sun fitar da sanarwar Atlantika, wadda ta ce kowace al'umma na da haƙƙin zaɓen irin mulkin da take so. Tambayar Zik ita ce, in 'ya'yanmu suna mutuwa don 'yancin wasu, namu fa? Taron da in an kira shi da sunan siyasa ɗan sanda zai watsa, ga shi ƙwallo ta tara shi a fili.

Gaskiya dai Arewa ba ta cikin wannan gasa. Kofin na Ikko ne kaɗai, mu kuwa 'yan kallo ne. Yaƙin ya taɓa mutanenmu ta wasu fuskoki masu zafi: ɗiban soja, aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos, da matsin noman gyaɗa. Ko a siyasa tafiyar ba ɗaya ba ce. Lokacin da aka kai 'yan jaridar Afirka ta Yamma Ingila a 1943, Zik ya rubuta takardar neman mulkin kai, Malam Abubakar Imam na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wanda ke cikin tawagar, bai sa mata hannu ba.

Bayan ZAC, Marine da Railway suka karɓe kofin War Memorial a shekarun da suka biyo. A 1945, shekarar da ma'aikata suka yi babban yajin aikin da ya haura kwana arba'in, Gwamna Arthur Richards ya ba da sabon kofi da aka kira Kofin Gwamna, Marine ta doke Corinthians da ci ɗaya mai ban haushi ta zama ta farko da ta ɗauka. Shi ne ya rikiɗa ya zama Kofin Ƙalubale da muka tashi muna saurare a rediyo. Sannu a hankali aka buɗe shi ga sauran larduna. Jos ta kai wasan ƙarshe a 1951, sannan a 1953 Kano ta doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1, karo na farko da kofin ya bar Ikko. Baba ya ce ranar ba a yi ciniki a layin 'yan goro ba, sai murna.

Abin da ke damuna shi ne yaran yanzu sun haddace tarihin ƙungiyoyin Ingila da Sifaniya, amma ka ambaci Bombers ko tawagar Kano ta 1953 su yi maka kallon baƙo. Waɗanda suka ga wasannin da idonsu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura 'ya'yansu irina, da tsofaffin jaridu da ke ajiye a gidajen adana tarihi na Ibadan da Kaduna. Ina roƙon marubuta wasanninmu na Hausa su je su buɗe waɗannan takardu, su zauna da dattawan Agege da Obalende da Fagge, su rubuta mana sunayen 'yan wasan da yadda aka buga, tun da sauran masu tunawa.