Shekarun da Alƙalami Bai Ƙirga Ba

A ɗakin malamai hirar fansho ba ta tsufa, musamman gare mu da muka haura arba'in. Lissafin kuwa ƙafa biyu gare shi: albashin da mutum ya bar aiki a kansa, da yawan shekarun da ya yi. A tsohon tsarin da ya samo asali daga dokar fansho ta 1979, wanda ya yi shekara 10 yana samun kashi 30 cikin 100 na albashinsa na ƙarshe, kowace shekara kuma a ƙara masa kashi 2, har ya kai kashi 80 a shekara ta 35. Gwamnatin tarayya ta sauya hanya a 2004, ta koma asusun kowa da abin da ya tara. Mu a Jigawa tun 2001 muke da namu tsarin karo-karo, ana yankar albashi wata-wata, amma ranar sallama shekaru da albashin ƙarshe ake dubawa.

To, a nan gizo ke saƙar. Shekarun da ake nufi su ne na bayan an ba mutum takardar aikin dindindin. Da yawa daga cikinmu, a Haɗejiya da Auyo da Kirikasamma da Guri, ba ta wannan ƙofa muka fara shiga aji ba. Wani malamin sa-kai ne, wani ƙungiyar iyaye da malamai ke ba shi ɗan ihisani, wani kwana uku yake koyarwa a mako, sauran ranakun yana fadama. Alli ɗaya muka riƙe da na dindindin, yaran ma da muka koyar wasu sun zama likitoci, amma a fayil waɗannan shekaru fanko ne.

Mu ɗauki malamai biyu sa'o'in juna, kowanne ya ƙare da albashin naira 100,000. Na farko ya cika shekara 35, fanshonsa 80,000. Na biyu ya yi shekara 5 yana wucin gadi, shekarun haihuwa suka cim masa yana da 30 a rubuce, nasa 70,000. Dubu goma ke nan duk wata har kabari. Wannan ma mun yi masa sassauci ne, domin wanda ya makara wajen shiga yakan makara wajen ƙarin girma, sai albashin ƙarshen ma ya gaza na ɗan'uwansa. Dukan biyu ke nan, ga mari ga tsinka jaka.

Akan ce ai ɗan ƙasar Haɗejiya fadama ce fanshonsa. Da can gaskiya ne. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 kogin ya canza hali, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya irin ta 2020 da 2022 kuma ta shanye shinkafar mutane a gona. Dattijo mai ciwon gwiwa ba ya kokawa da kachalla.

Mu marubuta ma, in za a faɗi gaskiya, rubutun nan aikin bayan la'asar ne, babu mai ƙirga mana shekarunsa. Shi ya sa idan ƙannenmu da suka shiga shirin J-Teach suka zo neman shawara, kafin mu karɓi labarin da suka rubuta mukan fara tambayarsu ranar da ke jikin takardarsu ta dindindin, da kuma inda suka adana ta, don damina a garin nan ba ta barin takarda.